Ramukan da Na Gano a Cikin Alminiyam

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe sha ɗaya da kwata na safiyar wata Talata ba. A daidai lokacin ne Ya Falmata ta miƙo mini filash ɗinta a ɗakin kwamfuta na sashenmu, ta ce, "Kwafe wannan, komai na ciki. Shafin farko dai kada ki taɓa shi, ki fara daga na biyu." Na riƙe lokacin ne saboda agogon bango nake kallo (ni idan ana yi mini magana ba na iya duban idon mutum, sai in nemi agogo ko takalmina). Na ce, "To, Yaya." Da na san abin da wannan "to" ɗin zai jawo mini, da na haɗiye shi na kora da ruwa.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a sashen Fiziks na wata jami'a a nan Maiduguri. Idan ka tambayi 'yan ajinmu game da ni, yawancinsu sai sun yi tunani kafin su ce, "Au, mai zama kusa da taga?" Tun da na shiga makarantar ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Idan ban gane abu ba, gara in tare a laburare da in buɗe baki in tambaya. Amma fa takarduna tsaf suke. Da rula nake ja wa kan darasi layi, kuma idan na yi kuskure a shafi ba na gogewa, sake shafin nake yi. Makina ya tsaya daidai bakin digiri mai daraja ta ɗaya. Idan na sami A a aikin binciken ƙarshe, wanda muke ce wa furojet, na haye. In na sami ƙasa da haka, shi ke nan. Sashenmu kuma ya saba riƙe duk wanda ya fita da daraja ta ɗaya a matsayin ƙaramin malami. Aikin nan ina son sa kamar me. Ban faɗa wa kowa ba, amma har na zaɓi teburin da zan zauna a ofishin ƙananan malamai, na can lungu, bayan kabad.

Furojet ɗina a kwamfuta ake yin sa. Akwai wata manhaja da za ka gina ɗan mitsitsin ƙarfe a cikinta, ka ɗumama shi, ka zuba ido ka ga abin da atam ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi, za su yi. Ni alminiyam aka ba ni, wanda ake zuba tukwane da shi. Abu na farko da manhajar take so ka gaya mata shi ne yadda atam suke jeruwa, don kowane ƙarfe da irin zamansa. Ka ɗauka ga kwali nan, tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk ɗaya, da atam a kowace kusurwa. A wani ƙarfen akwai ƙarin atam guda a tsakiyar cikin kwalin. Wannan tsari shi ake kira bcc, kuma haka baƙin ƙarfe yake. A wani kuma babu komai a ciki, sai dai kowace fuska ta kwalin tana da atam a tsakiyarta. Shi ne fcc, tsarin alminiyam. Da yake atam na kusurwa da na fuska rabawa ake yi da kwalayen maƙwabta, in an yi lissafi kwali ɗaya na bcc atam biyu yake ɗauka, na fcc kuwa huɗu.

Ina roƙon mai karatu ya lura da kyau: na san wannan. Tun aji biyu na haddace shi, na ci cikakken maki a kansa, har malamin ya ɗaga zanena ya nuna wa aji (ranar na so ƙasa ta tsage in shige, ban san ranar tsagewar gaske tana gaba ba).

To, a sashenmu ba wanda yake gina wannan aiki daga tushe. Gado ake ci. Wanda ya gama sai ya ba na bayansa fayil ɗinsa, shi kuma ya sauya abin da ya shafe shi ya ci gaba, haka nan hannu da hannu, har an manta wanda ya haɗa shi tun asali. Kuma ba a miƙa gadon sai da gargaɗi. Ya Falmata ta riga mu gamawa da shekara ɗaya, ranar ma karɓar wata takarda ce ta kawo ta, keke napep yana jiran ta a waje. A kan baƙin ƙarfe ta yi nata binciken. Wannan ma na sani.

Na zauna na buɗe shafi na biyu kamar yadda aka umarce ni. Na goge baƙin ƙarfe na sa alminiyam. Na sauya nauyin atam, na sauya ƙa'idar yadda suke jan juna, na sauya tsawon gefen kwalin, bayan na duba lambar a littattafai uku don kada ɗaya ya yi mini ƙarya. Na karanta shafin daga sama zuwa ƙasa, na sake karantawa daga ƙasa zuwa sama. Shafin farko, inda ake zaɓen tsarin jeruwar atam, yana nan a gefen hagu a rufe. Na riƙa kau da ido daga gare shi kamar surukin da ake jin nauyi.

Da na danna maɓallin farawa, ƙwallaye shuɗɗa, wato atam ɗin, suka bayyana a fuskar kwamfutar, a jere gwanin sha'awa. Suka ɗan yi karkarwa a inda suke. Can sai suka fara matsawa. Waɗannan suka dunƙule nan, waɗancan suka taru can, kafin in ankara ramuka sun buɗe a tsakiyar alminiyam ɗina, manya-manya. Rahila, 'yar Biu da muke zama benci ɗaya, wadda ita ce kusan ƙawata tilo a ajin, ta leƙo ta kafaɗata.

"Ke, wannan ƙarfe ne ko masa?"

"Daidaituwa yake yi," na ce a hankali.

"Wace irin daidaituwa? Ni jan ƙarfena yana zaune lafiya lau kamar mawaƙan coci ranar Lahadi. Naki kamar an watsa taro da barkonon tsohuwa. Ki kira Ya Falmata mana."

Jan ƙarfe tsarinsa ɗaya da alminiyam, kuma daga filash ɗaya muka kwafi fayil ni da Rahila, a rana ɗaya. Mai hankali zai juya ya ce, "Rahila, me kika yi wanda ban yi ba?" Ga ta nan a kusa da ni, numfashinta yana taɓa kunnena. Sai na ce mata, "To."

Kiran waya kuwa, Rahila ba ta san girman abin da ta nema daga gare ni ba. Na gwada rubuta saƙo. Na yi sallama, na gai da Ya Falmata, na tambayi gida, na tambayi zafi, na nemi afuwar damun ta da zan yi. Saƙon ya kai tsawon takardar neman aiki ban iso ga tambayar ba, sai na goge shi. A raina na ce, za ta ce an ba yarinyar nan abu a dafe ta kasa ci. Na kama hanyar da na saba, wato laburare.

A can na tarar da abin da ya ƙarasa ni. Ashe akwai masana da suke wahala da kashe dukiya don su ƙera ƙarfe mai ramuka a ciki, saboda rashin nauyinsa. Ga shi ni nawa da kansa yake yin ramukan, ba wanda ya roƙe shi! Na koma na sake gwajin a sanyi, ramuka. Na ƙara zafi, ramuka. Na sake a wata kwamfutar, ramuka. An koya mana cewa sakamakon da yake maimaita kansa abin dogaro ne, ba wanda ya tuna ya ƙara mana da cewa shirme ma yana maimaita kansa in ka ba shi dama. Na auna nauyin alminiyam ɗina ya fito rabin abin da littafi ya ce, rabi cif. Nan ma mai hankali zai tsaya ya ce, me na raba biyu? Ni kuwa na ce ai dole ya rasa nauyi tunda ramuka ne a cikinsa. Me ya kawo ramukan? Sararin da ke cikinsa. Me ya kawo sararin? Ramuka. Na rubuta wannan kewaye-kewayen a babi guda cur, da Turanci mai kyau.

Na auna kowane rami, na zana shi, na ba shi launi. Akwai wani ƙato da kullum yake fitowa wajen tsakiya, har na raɗa masa suna a raina, Alhaji. Idan na shigo da safe na kunna kwamfuta, sai na ga Alhaji ya fito hankalina yake kwanciya. Sau ɗaya tak linzamin kwamfuta ya kai ni kan shafin farko. Yatsana yana kan maɓallin, sai na ji muryar Ya Falmata a kunnena, na janye hannu kamar na taɓa murhu.

Mai duba aikina, Dokta Bitrus, mutumin kirki ne, amma shi masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. An tara masa ɗalibai ne kawai saboda ƙarancin malamai. Tun ranar farko bai ɓoye mini ba, ya ce, "Wannan manhajar ba fannina ba ce, ki riƙa tambayar waɗanda suka yi kafin ke." Da na kai masa babin ramuka, ya gyara tabarau yana juya shafuka.

"Ramuka? Da kansu?"

"Da kansu, sa."

"Abin mamaki. Kin dai duba komai da komai ko?"

"Na duba, sa."

Kuma har ga Allah ban ji ƙarya na yi ba. Na duba duk abin da aka ba ni izinin dubawa. Ya ɗaga jadawalaina masu launi ya nuna wa wani ɗalibi da ke jira a bakin ƙofa, ya ce, "Ka gani? Haka ake aiki."

Da abin ya tsaya a makaranta da da sauƙi. Wata ranar Asabar ina gida a Abbaganaram, ina taya Mama girki, sai tsohuwar tukunyar miyarmu ta fara ɗiga a kan wuta, tana cus-cus. Mama ta hau faɗa da mai tukwane da ba ya nan. Ni kuma, da ban taɓa yin alfahari ba a rayuwata, Shaiɗan ya zaɓi wannan rana ya buɗe mini baki. Na ce, ƙasa-ƙasa, "Ai alminiyam da kansa yake yin rami. A kansa ma nake bincike. Kamar ni na fara ganowa."

Mama ta ajiye ludayi. "Ke kika gano?"

"Kamar dai."

Ba ta ji "kamar" ɗin ba. Kafin miya ta nuna ta kira Yakura, yayarta, wadda take sayar da busasshen kifi a kasuwar Baga Road. Faɗa wa Yakura magana daidai yake da sa ta a rediyo, sai dai ita ba ta jiran a kawo wuta. Cikin mako guda duk layin masu kifi sun ji cewa 'yar ƙanwarta ta gano da kwamfuta cewa tukwanen alminiyam cuta ce. Mata suka fara tare ni a hanya suna tambaya ko su koma tukunyar ƙasa. Mai tukwanen bakin titinmu, wanda tun ina ƙarama yake ce mini "Malama Dokta", ya daina amsa gaisuwata. In na wuce sai ya ɗauki tukunya ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfi, yana kallon wani wajen.

Ranar kare furojet ta zo. A al'adar makarantarmu, iyaye da 'yan'uwa sukan zo su zauna a ƙarƙashin darbejiya da kulolin abinci, suna jiran ɗansu ya fito a yi hotuna. Na roƙi Mama kada ta zo (wato na ce, "Ba sai kin wahala ba," ita kuma ta ce, "Wace wahala?"). Ta zo cikin lafayarta ta zuwa biki, ƙamshin turaren wuta yana riga ta isa ko'ina, ga Yakura a gefenta da tata lafayar da ta fi ta Mama ƙyalli. Dokta Bitrus ya gan su a bakin zaure, ya ji su wane ne, sai farin ciki ya kama shi. Ya ce ai iyayen ɗalibar da ta fi kowa ƙoƙari ba za su zauna a rana ba, su shigo su zauna a baya. Ina ji ina gani aka ba su kujeru.

Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a wata Farfesa ce, dattijuwa 'yar siririya, mai magana a hankali. Abin da ban sani ba sai daga baya, ita duk rayuwarta a kan jeruwar atam a cikin ƙarafa ta ƙare ta.

Aka kira ni. Na fito, na haɗa kwamfuta da majigi, na fara. Abin mamaki, da na shiga bayanin sai tsoro ya sake ni. Na nuna ramuka a sanyi, na nuna su a zafi. Na nuna Alhaji ya cika bango guda. Ina jin Yakura daga baya tana ce wa Mama, da muryar da take ɗauka raɗa ce, "Kin gani? Irin na tukunyarki sak." Na rufe da cewa wannan sakamako zai iya buɗe sabuwar hanyar ƙera ƙarfe marar nauyi. Aka tafa. Karo na farko a rayuwata na ɗaga kai na dubi idon mutane.

Farfesa ba ta tafa ba. Tana ta juya kundina a hankali, ta tsaya a wani shafi, ta sa yatsa.

"'Yata, aikinki yana da tsabta. Na daɗe ban ga jadawali mai kyau haka ba. Alminiyam wane tsari ne da shi?"

Tambayar aji biyu! Na amsa har da ɗan murmushi. "Fcc ne, ma."

"Madalla, haka kika rubuta a babi na biyu. Kwali ɗaya atam nawa ke nan?"

"Huɗu, ma."

"A nan kin ce kin jera kwali dubu. Atam nawa ya kamata ki samu?"

"Dubu huɗu, ma."

"Karanta mana abin da kika rubuta a layin da ke ƙasa."

Na duba. Ni na buga lambar da hannuna, na duba ta ba sau ɗaya ba, har na daidaita ta a tsakiyar layi don ta yi kyau. Dubu biyu. Fankar sama kaɗai ake ji, da ƙarar awarwaron Yakura.

"Manhajar tana cikin kwamfutar nan?" in ji Farfesa. Na gyaɗa kai. "Buɗe mana shafin farko."

A nan ne na yi abin da har gobe Rahila take kwaikwaya idan muka haɗu. Na dubi Farfesa, a gaban malaman sashe da 'yan aji da mahaifiyata, na ce, "Ma, an ce kada in taɓa shi."

Wani daga baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Farfesa ta cire tabarau.

"Wa ya ce?"

"Ya Falmata."

"Ya Falmata ce za ta karɓi digirin?"

Na buɗe shafin. Ga shi nan a bango, girmansa ya kai ƙofa: zanen kwali da atam guda zaune daram a tsakiyarsa, an rubuta bcc a ƙasa. Tsarin baƙin ƙarfen Ya Falmata, yana nan yadda ta bar shi. Watanni ina aiki a kan gidan da aka gina wa wani.

Farfesa ta juya ga zauren, ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce a ɗauka an kama zauren biki, an jera kujeru na mutum dubu huɗu, sai aka gayyaci dubu biyu. Me za su yi? Kowa zai ja kujera ya matsa kusa da wanda ya sani, a yi gungu nan, a yi gungu can, tsakiya ta zama fili. "Atam ma haka suke, ba sa son zama nesa da juna. Ta ba su faɗin gidan alminiyam, ta zuba rabin mutanen gidan. Ramukan nan kujerun waɗanda ba ta gayyata ba ne." Sannan ta ce da ni, "Zaɓi fcc, ki sake kunnawa mu gani."

Na zaɓa. Na danna. Ƙwallaye shuɗɗa suka cika bango, a matse, a jere. Suka yi 'yar karkarwarsu. Muka jira. Ba wanda ya matsa daga inda yake. Ina ta addu'a a zuci ko rami ɗaya ya fito, ko ɗan ƙarami, don in sami abin riƙewa. Ko Alhaji bai leƙo ba. Babi uku na kundina suka narke a gaban idona, da su da teburin bayan kabad.

Dokta Bitrus ya dafe goshi yana kallon takalminsa, abin da na ɗauka ni kaɗai na iya. Sai kawai daga baya aka rangaɗa guɗa.

Yakura ce, a tsaye, hannu a sama. "Ta toshe! Wallahi ta toshe ramukan! Kun gani da idonku, yanzu-yanzu ta gyara shi!" Mama ma ta miƙe tana share hawaye da gefen lafaya, tana cewa, "Alhamdulillahi, 'yata, Allah ya yi miki albarka." Su a ganinsu, an kawo Farfesa daga wani gari ta ƙure ni, ta ce in kin isa gyara, ni kuma na danna abu ɗaya na gyara alminiyam ɗin duniya.

Dariyar da aka danne ta fashe gaba ɗaya. Rahila ta kifa kai a benci kafaɗunta suna rawa. Shugaban sashe ya rufe fuska da takarda. Farfesa kanta ta juya baya tana goge tabarau, ta daɗe tana gogewa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da linzami, ga bango cike da alminiyam lafiyayye, ina neman agogon da zan kalla, zauren kuma ba agogo.

Bayan an watse Farfesa ta sa aka kira ni ofis. Na shiga ina jiran ta ce sai baɗi. Ta ce aikin da na kawo ba zai wuce a haka ba, amma awon da na yi wa ramukan awo ne na gaskiya, tambayar ce kawai ba ta dace da shi ba. Ta ba ni mako biyu in sake rubutawa a kan abin da yake faruwa idan aka zaɓa wa ƙarfe tsarin da ba nasa ba, in kwatanta biyun gefe da gefe. "A kan wannan dai," in ji ta, "ban san wanda ya kai ki sani ba." Na kama ƙofa zan fita ta ƙara da cewa, "Ki gai da mai guɗa."

Na sake rubutawa. Na sami B. Daraja ta ɗaya ta wuce ni da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, teburin bayan kabad kuma wani ya samu (na ji ma ya matsar da shi tsakiyar ofis, mutumin da bai san darajar lungu ba). Na yi kuka na gaske a kan wannan, ba zan ɓoye ba. A gida kuwa har yau ban iya warware labarin ba. Na gwada yi wa Mama bayani, ta ce ita dai ta ga ramuka, ta kuma ga sun ɓace. Yakura ta sanar a Baga Road cewa an shawo kan matsalar, mata suka koma sayen tukwane, mai tukwanen titinmu ya dawo da "Malama Dokta", har ya aiko wa Mama da murfi kyauta.

Yanzu ina koyar da Fiziks a wata sakandare, ina kuma shirin digiri na biyu. Abin da na koya bai da yawa: mutum yana iya duba abu sau ɗari ya zama bai duba komai ba, in dai akwai ƙofa ɗaya da yake jin kunyar buɗewa. Tambayar da na ƙi yi wa mutum ɗaya a saƙon waya, sai da aka yi mini ita a gaban zaure, da majigi, da guɗa. Ɗalibaina sun san ni da cewa, "Wa yake da tambaya?" sannan in tsaya ina kallon mai zama kusa da taga har sai ta yi magana.

Abu ɗaya ya ci gaba da cin raina: me ya sa Ya Falmata ta ce kada in taɓa shafin? Na ɗauka akwai wani sirri, wataƙila wani ya taɓa lalata fayil ɗin, ko wani malami ne ya hana. Sai bara na sami zuwa sunan ɗanta a Konduga, inda take aure take kuma koyarwa. Na zauna a ɗakinta cikin mata har aka ci aka sha, ina tattara ƙarfin hali. Da ɗakin ya ɗan rage, na matsa kusa, na karɓi jaririn don in sami abin kallo, na yi tambayar da ta kamata in yi tun ranar Talatar nan.

"Yaya, don Allah, shafin farkon nan na fayil ɗin furojet. Me ya sa kika ce kada in taɓa?"

Ta ɗan yi tunani, kamar na tambaye ta abin da ta ci shekaranjiya.

"Oho. Ni ma haka wanda ya ba ni ya ce mini, ina jin don kada yara su yi ɓarna ne. Ai kowa haka ake ce masa. Rahila ma haka na ce mata. Ni yana fita daga ɗakin na buɗe, kowa buɗewa yake yi." Ta tsaya, ta dube ni da kyau, ta sa hannu ta karɓe ɗanta. "Tsaya. Wai ke da gaske ba ki buɗe ba?"